Mahaɗin da Malam Nu'uman Bai Liƙe Ba

Malam Nu'uman ba ya miƙa wa mutum hannu sai ya fara taɓa ƙarfe. Ƙyauren shago ne, kan famfo ne, ko keken wanda ya tsaya gaishe shi, sai ya ɗora yatsu biyu a kai tukuna, sannan a gaisa. Mutanen Ƙofar Durbi sun daɗe suna yi wa abin fassara. Wasu suka ce laƙani aka ba shi, wasu suka ce boko ne ya yi masa yawa. Shi bai taɓa gyara wa kowa zance ba. Alhali maganar ba ta yi wannan nisa ba. Jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta da ba a ji, wadda ko sauro ba ta kashewa, amma tana ƙona ƙananan kayan da yake aiki da su. Taɓa ƙarfe ke sauke ta. A wurin aiki ya saba, sabo ya biyo shi gida, har ta kai ko jariri aka miƙo masa sai ya waiga ya nemi ƙarfe.

Ba malamin aji ba ne, ko da yake kowa Malam yake ce masa. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na wata makarantar fasaha. Shi ke jera wa ɗalibai wayoyi da mitoci, shi ke kwashewa in sun gama ƙonawa. Shekarun mulkin soja suka bi ta kan ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya mutu ba a maye gurbinsa, har aikin ya koma share kanta da kulle ƙofa. Da la'asar sai ya zauna a zauren gidansa yana gyaran rediyo da lasifika. A cikin waɗannan shekaru ne wani malami da ya yi karatu a waje, da zai bar aiki, ya bar masa kwali guda na takardu. A ciki ya ci karo da abin da ya shiga ransa bai fita ba: na'urar da ba a tsara mata abin da za ta yi, sai dai a koya mata, kamar yadda ƙwaƙwalwa ke koyo.

Matarsa Hajo kaɗai ya taɓa yi wa bayani, ita ma don ta dame shi da tambayar abin da ke hana shi cin tuwo da zafinsa.

"Ki ɗauka alƙali ne da shaidu," ya ce. "Kowa na magana, amma ba kowa ake gaskatawa daidai da kowa ba. Tsakanin bakin mai shaida da kunnen alƙali akwai ɗan wurin da ake auna maganar. Shi nake kira mahaɗi. In shaida ta fito gaskiya, a ƙara wa mahaɗinta nauyi. In ta fito ƙarya, a rage. A haka alƙali ke koyon wanda zai saurara."

"To wa ke riƙe da nauyin?"

Ya ɗago wani ɗan abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa biyu. "Kondensa. Ɗan tulu ne, sai dai wuta ake zuba masa ba ruwa ba."

"Malam, kai da ba ka tuna inda ka aje hularka, kai za ka koya wa waya tunani?"

Ya yi shekaru yana wasa da abin a kan teburinsa, ba don kowa ba. Da a nan maganar ta tsaya, da babu abin ba da labari.

Lailatu ce 'yarsu ta fari, don haka tun da aka raɗa mata suna bai taɓa kama shi da bakinsa ba. "Ke," yake cewa, ko "yarinyar nan." Haka ya tashi ya ga ana yi. Tana budurwa farfaɗiya ta same ta. An yi na gida, an yi na asibiti, na asibitin ne ya karɓe ta: 'yan ƙwayoyi farare, kullum, ba fashi. Da su ciwon ya yi sauƙi, sai a daɗe ba ta faɗi ba. Sammani, wani tela daga Ƙofar Sauri, ya san da ciwon, ya ce ya ji ya gani, zai aure ta. Mahaifiyarsa Hajiya Asabe ba ta hana ba, ba ta kuma yi guɗa ba.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, an gama zaɓe ana jiran ranar miƙa mulki, Lailatu ta zo gida haihuwa. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ke sa ƙadangare neman inuwa. Ta sauka lafiya, 'ya mace, aka sa mata Halimatus Sa'adiyya, ana kiranta Sadiya. Amma jego ba ya barin mace ta yi barci, ciwon kuwa rashin barci yake so. Bayan suna da 'yan kwanaki Hajiya Asabe ta zo dubiya. Lailatu ta gama shayarwa, ta kwantar da jaririyar a gado, ta miƙe za ta kawo wa surukarta ruwa, sai ta tafi ƙasa gaba ɗaya. Tsakanin ajiye 'yar da faɗuwar bai fi a ce bismilla ba.

Hajiya Asabe ba ta yi hayaniya ba. Ta jira har Lailatu ta farfaɗo, sannan ta yafa mayafi ta fito zaure. Suka gaisa da Malam kamar babu abin da ya faru. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi jama'a, sai da gaisuwa ta ƙare don kanta.

"Malam," ta ce, "ni ba na raba ɗiya da uwa don jin daɗi. Amma abin da na gani yau, da ɗiyar na hannunta fa? Da tana bayanta fa? In an yi arba'in, Sadiya wurina za ta zauna. Uwar ta riƙa zuwa tana ba ta nono a gabana, tana zaune. Goyo kam babu."

"Hajiya, da za a ƙara haƙuri."

"Haƙuri na yi tun ranar ɗaurin aure. Wanga ba maganar haƙuri ba ce, maganar rai ce."

Ya jujjuya ƙarfen dalma da yake liƙin wayoyi da shi a hannunsa. Can ya ce, "In da akwai abin da zai gargaɗe ta kafin ciwon ya zo fa? Ta samu ta zauna, ta sauke ɗiyar?"

"Malami ne ko boka?"

"Akwati ne."

"Akwati." Ta dube shi, ta dubi matattun rediyoyin da ke bayansa. "To. Arba'in ba ta gudu. In akwatinka ya yi, in na ƙi, Allah ya tambaye ni."

Duk abin nan Lailatu na jin su daga ciki. Sadiya 'yar fari ce, ita ma ba ta da bakin cewa tana son 'yarta, a gaban mutane ko kallonta ba ta cika yi ba. Da Malam ya shigo ya hango ta tana linke zanen goyon da Hajo ta tanadar mata, tana linkewa tana warwarewa. Bai tambaye ta komai ba. Wanda ya rayu bai kira sunan 'yarsa ba, ba ya bukatar a fassara masa irin wannan shirun.

Kaya ba su yi wuyar samu ba. 'Yan siyasa sun cika masa zaure da lasifikokin da suka ƙone wajen yawon neman ƙuri'a. Waɗanda suka ci sun sayi sababbi, waɗanda suka faɗi ba su da fuskar dawowa. Ya farke su ya ciro abin da yake so. Shaidu uku ya nema. Ɗan faifan da ke ƙara a cikin agogon hannu, wanda in an juya aikinsa yakan ji rawar jiki. Ɓallayen tagulla biyu masu jin gumi. Sai 'yar fitila da ke leƙen bugun jini. Sammani ya ɗinke su cikin ƙyalle kamar kambu, ya kawo da kansa, ya durƙusa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa ya tafi. Tsakanin uwarsa da matarsa ba shi da inda zai sa baki. Doguwar waya ta taso daga kambun zuwa akwatin, a cikin akwatin mahaɗai, bayan mahaɗai alƙali, bakin alƙalin kuwa 'yar ƙararrawa ce. In an ɗauke wuta, a garwashin Hajo yake gasa ƙarfen dalma, tana mita yana lallashi.

Haɗawar ba ita ce wuyar ba, koyarwar ce. Akwatin bai san mene ne faɗuwa ba sai an nuna masa. Maɓalli biyu Malam ya sa. In Lailatu ta faɗi a danna ja, duk shaidar da ta yi motsi kafin faɗuwar a ƙara wa tulunta wuta. In ƙararrawa ta yi ƙara a banza a danna baƙi, a rage. A kwanakin farko baƙin ne ya sha dannawa. Ta yi atishawa, ƙara. Ta sha kunun kanwa gumi ya keto mata, ƙara. Sadiya ta tsala kuka gabanta ya faɗi, ƙara.

"Malam, alƙalin nan naka ɗan siyasa ne," in ji Hajo. "Kowa ya zo da magana sai shi ce haka ne."

Jan maɓallin kuwa ba ya dannuwa sai 'yarsa na ƙasa. Ranar da aka fara danna shi Malam na kusa. Ya ga ta sandare, ya ga Hajo ta yi kanta da gudu, shi kuma hannunsa ya tafi wurin akwatin. Daga baya ya koma zaure ya zauna, ya daɗe yana kallon hannun.

Da aka sake dannawa, mita ta nuna masa alƙali ya fara rarrabe shaidu. Gumi da bugun jini sun yi nauyi, rawar hannu ta koma baya. Sai kuma ya ga abin da ya jima yana tsoro. Kowace safiya in ya ɗora mita, allurar ta ja baya kaɗan. Tulunan na yoyo. Takardun sun faɗi haka, amma waɗanda suka rubuta su a ƙasar sanyi suke zaune. A zafin Katsina, abin da ya kamata ya yi wata yana tsiyaya cikin 'yan kwanaki yake tafiya. Akwatin na mantuwa, kuma abin da yake mantawa a jikin Lailatu aka same shi.

Ya canza kondensa, ya sake canzawa. Ya naɗe akwatin da tsumma, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya zauna yana yi masa fifita kamar mara lafiya. Allura ba ta daina ja baya ba. Ya daina leƙa makaranta. Masu rediyo suka riƙa zuwa suna komawa. In ya tsaya salla sai ya tsinci kansa yana zana wayoyi a zuci, ya idar bai san abin da ya karanta ba. Arba'in kuwa na tahowa da ƙafarta, ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa.

"In zafi ne ba ya so," Hajo ta ce da ta ga ya fara ramewa, "ka kai shi gindin randa mana. Goro ma can yake kwana bai bushe ba."

Malam Nu'uman ya san laima ba ta shiri da lantarki, ya sha faɗa wa ɗalibai. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya naɗe akwatin a leda, ya tona jiƙaƙƙen yashin gindin randa ya binne rabinsa, ya ƙara wa wayar tsawo. Washegari allura ba ta motsa ba. Jibi ma haka. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

"A rubuta sunana cikin takardun Turawan nan," in ji Hajo. "Hajo mai randa."

Bayan 'yan kwanaki ya ɗora mita da safe, allura ta kwanta ƙasa. Ya gwada mahaɗi na biyu, haka. Na uku, haka. Ya buɗe ledar, sai ga raɓa ta kwanta a ciki, tagullar allon da ya liƙa mahaɗan a kai ta yi kore. Laima ta yi wa wutar hanya ta gefe, ta kwashe ta tas. An gudu ba a tsira ba.

Ya zauna dirshan a gindin randar. Ba da kowa yake magana ba, amma a fili ya yi ta.

"Shi ke nan, ya koma jariri. Duk darasin ya tafi. Laima ina iya toshe ta da kakin zuma. Amma darasin fa? Ina zan samo darasi kafin arba'in? Ga shi jikin nata ya fara daidaita."

"Malam!" Hajo ta saki muciya. "Ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

Ya yi istigfari, ya sake yi. Randar kuwa a ƙarƙashin tagar ɗakin mai jego take. Babu wanda ya motsa a ciki.

Ya wanke allon ya shanya, ya narka kakin zuma ya lulluɓe shi, ya mayar gindin randa. Wannan karon yoyo ya yi sauƙi ƙwarai. Sai kuma faɗuwa ta dawo, ba irin ta da ba, a kai a kai. Hajo ta ce rashin barci ne, ta riƙa karɓar jaririyar da rana. Ta ce ko a koma asibiti. Lailatu ta ce, "Zafi ne kawai, Inna, in ruwa ya sauka zai wuce." Kullum Hajo ke miƙa mata ƙwaya da moɗar ruwa, kullum ta kai hannu baki ta kurɓa. Malam na danna jan maɓalli, allurar mita na hawa. Akwai abin da mutum ba ya so ya kama a zuciyarsa. Shi ya kama, ya kawar da kai.

Wata rana da hantsi Lailatu na tsaye a bakin ƙofa riƙe da Sadiya, sai ƙararrawa ta yi ƙara. Hajo ta miƙa hannu wurin baƙin maɓalli bisa sabo.

"Tsaya!" in ji Malam. "Ke, zauna! Aje ta!"

Ta durƙusa ta kwantar da jaririyar a tabarma, ta ja baya ta jingina da bango. Babu abin da ya faru, har Hajo ta buɗe baki za ta yi tsiya. Sai ciwon ya zo. A zaune ya same ta. Sadiya na gefe tana harba ƙafa, ko kuka ba ta yi ba.

Da Lailatu ta dawo hayyacinta, harshe a cije, abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, ya yi?"

"Ya yi."

Ta rufe ido tana murmushi. A ranar Malam ya aika wa Sammani ya shaida wa Hajiya.

Wuri ɗaya ne akwatin ba ya bin ta, wurin wanka. Mai jego kuwa safe da yamma sai ta yi, da tafasasshen ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya. Da safiyar wata Laraba tukunya na kan murhu tana tafarfasa, Lailatu ta kwance kambun ta rataye a ƙusa. Sadiya ta farka da kuka, Hajo ta ce bari ta leƙa ta dawo. Iyakar abin da aka yi ke nan.

Malam na zaure ya ji ƙarar tukunya, ya ji salatin Hajo. Bai san sa'ad da ya ratsa tsakar gida ba. Ya same ta kwance cikin tururi, ruwan ya bi hannunta na hagu har kafaɗa, jikin na fizga.

"Lailatu!" ya ce. "Lailatu!"

Duk da halin da ake ciki sai da Hajo ta waigo ta dube shi. Bai nemi ƙarfe ba. Ya sa hannu biyu ya ɗago ta daga cikin ruwan. Wajen ɗagowar ne ƙullin da ke bakin zanenta ya kwance, sai ga 'yan ƙwayoyi farare sun zubo, da yawa, suna narkewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hajo ta gani. Shi ma ya gani. Babu wanda ya tambayi wani mene ne.

A asibiti aka wanke ƙunar aka naɗe, aka mayar da ita kan magani. Da yamma Hajo ta fita neman ruwan zafi, ya rage daga shi sai Lailatu.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar randa."

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Ba kowa, Baba." Tana kallon bango take magana. "Ka ce darasi yake so. Ni kaɗai ke da shi."

"Kin san abin nan na iya kashe ki?"

"Na sani." Can ta juyo, karo na farko a rayuwarta ta dube shi ido cikin ido. "Ai ya koya ko? Ya yi ƙara ranar nan. Ka faɗa wa Hajiya ya yi ƙara."

Ya dawo gida a ƙasa, bai hau komai ba. A hanya ya auna maganar ta kowace fuska, ba ta canza ba. Abin da akwatin ya koya, jikin macen da ba ta shan magani ya koya. In ta koma sha, faɗuwa za ta yi nisa da juna, kakin zuma kuwa rage yoyo yake ba hanawa ba. Tsakanin wannan faɗuwa da waccan alƙali zai manta, ba zai kuma sanar da kowa ya manta ba. Ita ko ta yarda da shi, za ta ɗaure 'yarta a baya ta shiga kicin. In kuwa ta lura ya fara mantuwa, ta riga ta san yadda ake tuna masa.

A kan teburinsa akwai sabon allo. Tun kafin ƙunar ya zana wani irin mahaɗi da ke leƙa tulunsa da kansa, in ya ga ya rage ya cika shi daidai inda yake. Ya yi imani wannan zai riƙe. Ya kusa gama haɗa shi. Sai dai sabon tulu wofi yake zuwa, sai an koya masa daga farko. Ya zauna gaban allon, ƙarfen dalma na cikin garwashi har garwashin ya mutu.

Arba'in ta faɗo a makon da aka miƙa mulki. Gari ya cika da ƙarar rediyo, samari na zagaye a kan babura suna busa hon, kowa na cewa an shiga sabuwar duniya. Lailatu ta dawo gida da hannu a naɗe. Hajiya Asabe ta iso da hantsi, ta zauna a inda ta zauna wancan karon. Aka gaisa, aka jajanta, aka yi wa ƙasa addu'a.

"An ce mini akwatin ya yi ƙara," ta ce. "Sammani ya rantse. Ƙunar kuwa an ce ba ta ɗaure da shi, don haka ban ɗora mashi laifi ba. Ni na yi alkawari, ba na kuma cin alkawari. Malam, kai ka san abinka, ni ban sani ba. Ka ce mini in ta goya ɗiyar nan akwatinka zai tsare su, in tashi in tafi gida hannu rabbana. Maganarka ta ishe ni."

Ba a faɗa mata zancen ƙwayoyin ba. Kalma ɗaya take jira. Labulen ƙofar cikin gida bai kai ƙasa ba, daga inda yake zaune yana ganin ƙafafun mai tsaye a bayansa. A waje wani babur ya wuce da ihu. Malam ya dubi ƙafafun, ya dubi teburinsa.

"Yana mantuwa, Hajiya," ya ce. "Kuma ba ya faɗi in ya manta."

"Ba ya gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. Sai dai abin da gyaran ke ci ba nawa ba ne."

Hajiya Asabe ta dube shi. Ba ta gane duka ba, amma ta gane abin da ya ishe ta. "Allah ya ba da ladan gaskiya," ta ce a hankali.

Hajo ce ta fito da Sadiya, idanunta jajur. Aka rasa abin goyo, Hajiya ta fara kwance mayafinta. Sai hannu ya fito ta gefen labule, hannun dama, riƙe da zanen nan a linke. Babu wanda ya ga fuskar mai hannun. Hajiya ta karɓa, ta sunkuya, aka ɗora mata jaririyar ta ɗaure. Daga cikin gida ba a ji kuka ba, ba a ji komai ba.

Lailatu ta koma ɗakinta a Ƙofar Sauri. Sammani ke ba ta magani da hannunsa, ya tsaya har ta haɗiye. Ciwon ya sake yin nisa. Kullum ta je gidan Hajiya ta zauna a tabarma ta shayar, ta miƙa, ta dawo. Da aka yaye Sadiya ba a tada maganar komawarta ba, kowa ya riga ya saba. Yarinyar ta tashi tana kiran Hajiya da Inna, tana kiran mai tabon hannu da Yaya.

Ba ta yanke zumunci ba. Duk Juma'a tana zuwa Ƙofar Durbi, ta durƙusa ta gaida mahaifinta yadda ya kamata, ta tambayi jikinsa, ta tambayi aiki. In za ta ratsa zaure, bangon da babu tebur take kallo. Shi kuwa tun daga ranar tukunya bai koma ce mata "ke" ba. Da sunanta yake kiranta, a gaban kowa, har tsofaffin unguwa suka ce zamani ya ci Malam. Takan amsa, a taƙaice. Maganar arba'in ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Ko ta yafe, ko ba ta ga abin yafewa ba, ko kuwa wani abu ne daban, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ya koma gyaran rediyo. Ya yi ritaya, ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa. In an kawo masa Sadiya yakan taɓa ƙyaure, ya ɗora ta a cinya, ya ce amaryarsa ta zo ba ta kawo masa tuwo ba. Wata damina ya kwanta, bai daɗe ba.

Bayan sadakar uku Sammani ya shiga zaure zai tattara kayan mutane a mayar musu. A kusurwar teburin ya ga wani kwanon sha a kife. Hajo ta ce kada ya taɓa, sannan ta ce to, taɓa, ai mai shi ya tafi. Ta ce kowace safiya Malam yakan taɓa ƙarfe, ya ɗaga kwanon, ya hure ƙura, ya mayar. Ba ta taɓa tambayarsa ba, ita da ba ta barin tambaya.

Sammani ya ɗaga. Sabon allon ne, tsaf, kowace waya a wurinta. Kondensa ɗaya ce a ƙarshen layi, an liƙe mata ƙafa guda, ɗayar na tsaye a iska dab da raminta. Ga ɗan guntun dalma a gefe, an riga an yanka.

"Liƙi ɗaya ya rage," in ji Sammani.

Lailatu na bakin ƙofa, ba su ji shigowarta ba. Ta matso, ta tsaya gaban teburin da ta yi shekaru ba ta kalla ba. Sannan ta karɓi kwanon daga hannun mijinta, ta kife shi yadda yake, ƙafar na nan a iska.